KUTUTTURE MAI RAI

Darasi domin iyalin masu bi, a kan bin Yesu cikin juyin zamani

Wuraren karatu: Irmiya 17:5-8, Yahaya 15:1-11, Luka 9:57-62. In akwai mai iya karatu a gidanku, bari ya karanta da ƙarfi, sannu sannu, domin tsofaffi da yara su ji. Ku yi addu'a tukuna, sa'an nan ku fara darasin.

'Yan'uwa cikin Almasihu, Hausawa sun ce zamani riga ne. Wadda kakanninmu suka sa ta tsufa, wadda muke sanye da ita yau ita ma za ta tsufa. Mutane da yawa cikin garuruwanmu suna tambaya cikin zuciyarsu, ina za mu sa kanmu? Gona ta ƙanƙance, ruwan sama ba shi da tabbas, samari sun watse, kuɗi ba ya auki. Mai bin Yesu ma yana jin wannan nauyi, gama gonarsa tana kusa da ta maƙwabcinsa, rana ɗaya ce take dukansu. Cikin wannan darasi za mu bincika abu biyu. Ƙaƙa mutum zai ci gaba da zama almajirin Yesu sa'ad da kome yake sakewa? Mene ne kuma dogara ga Allah ta gaskiya?

1. ABUBUWAN DA SUKA SAKE

Bari mu tuna da abin da ƙasarmu ta gani, domin kada mu yi tsammani wahalar yau ita ce ta fari.

Tsofaffin da suka riga mu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914. A 1960 ƙasar Nijar ta sami mulkin kanta. A 1973 da 1974 aka yi babban fari, shanu suka mutu, Buzaye da Fulani da yawa suka gangaro kudu hannu wofi. A 1975 cuta ta kama gyaɗa, cinikin gyaɗa wanda ya ɗaukaka Maradi bai sake komawa yadda yake dā ba. A 1984 fari ya komo, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta, har mutane suka raɗa wa yunwar sunan shugaban Nijeriya na lokacin, suka ce da ita El Buhari. A watan Janairu 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, mutum ya kwana da jaka goma, ya tashi ta koma kamar jaka biyar wajen sayen kayan waje. A 2004 fara da ƙarancin ruwa suka lalata amfanin gona, yunwa ta biyo baya a 2005. Bayan juyin mulki na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka da Nijeriya wata da watanni, tsadar abinci da magani ta hau. A damanar 2024 kuwa ruwan da muke roƙo ya zo da yawa, ya rushe gidaje a Maradi da Damagaram da wurare dabam dabam.

Mutane kuma sun yawaita. Lokacin samun mulkin kai ba mu kai miliyan 4 ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 17, tun daga nan kuwa ƙaruwa ake yi. Gandun da kaka ya noma shi da 'ya'yansa, yau an raba shi tsakanin jikoki da yawa, kowa ya sami ɗan yanki. Babu sauran saurar da za a bar ta ta huta. Waya ta shiga aljihun kowane saurayi, abin da ake yi a Yamai ko a Legas yana gani a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida.

Waɗansu daga cikin sakewar nan alheri ne. Yara da yawa suna zuwa makaranta, akwai allurar rigakafi, akwai famfo inda dā mata sukan kwana bakin rijiya. Waɗansu kuwa masu ciwo ne. Amma ko mai daɗi ko mai ɗaci, kowace sakewa tana gwada mutum, ta nuna abin da ya jingina a kai.

2. WANDA BA YA SAKEWA

Littafi Mai Tsarki bai taɓa yi mana alkawari cewa zamani zai tsaya wuri ɗaya ba. Dubi mutanen Allah. An kira Ibrahim ya bar ƙasarsa yana da shekara 75, bai ma san inda za shi ba (Farawa 12:1-4, Ibraniyawa 11:8). Yunwa ta kori Na'omi da mijinta zuwa ƙasar Mowab, ta komo ba miji ba 'ya'ya (Rut 1). An kwashe Daniyel yana saurayi zuwa Babila, aka sake masa suna, aka koya masa baƙon harshe (Daniyel 1). Masu bi na fari sun watse daga Urushalima saboda tsanani (Ayyukan Manzanni 8:1-4). Babu ko ɗaya cikinsu wanda ya zauna cikin duniyar da aka haife shi.

Me ya riƙe su? Allah wanda ya kira su bai sake ba. A Malakai 3:6 Ubangiji ya shaida cewa shi ba mai sakewa ba ne, saboda haka ne ma jama'arsa ba su ƙare ba. Ibraniyawa 13:8 ta koya mana haka a kan Yesu Almasihu. Yadda yake a zamanin manzanni, haka yake a wannan damana, haka kuma zai zama a zamanin jikokinmu. Jinin da ya zubar a kan gicciye bai rage daraja ba kamar kuɗin sefa. Ba a rufe hanyar zuwa wurinsa kamar yadda ake rufe iyakar ƙasa.

Annabi Irmiya ya sa mana mutum biyu a gaba (17:5-8). Na ɗaya ya dogara ga ɗan adam, zuciyarsa ta rabu da Ubangiji. An kwatanta shi da ɗan tsiro a busasshiyar hamada. Na biyu ya dogara ga Ubangiji. An kwatanta shi da itacen da saiwarsa ta kai ga ruwa. Lura da wannan da kyau: zafi yana zuwa wa itacen nan na biyu, shekarar fari ma tana same shi. Annabi bai ce an keɓe shi daga fari ba. Bambancin yana ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani.

3. MISALI DAGA GONAKINMU

Allah ya ba mu misalin wannan gaskiya a nan ƙasar Maradi.

A shekarun baya an koya wa manoma cewa manomin kirki shi ne mai share gonarsa tas, ba itace ko ɗaya. Kowace bazara akan sassabe tohon da ya fito, a ƙone. Iska ta riƙa kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka, har mutum ya yi shuka sau biyu ko sau uku a damana ɗaya. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen wuta, waɗansu suka koma dafuwa da kara da kashin shanu. An kashe kuɗi mai yawa wajen dasa itatuwa daga gandun reno, amma yawancinsu suka mutu.

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya, ya dubi ƙananan tsire-tsiren nan da suke ko'ina cikin gonaki, waɗanda kowa yake ɗauka ciyayi ne na banza. Ya duba ganyensu, sai ya gane itatuwa ne da aka sare tun dā. Kututturen yana nan da rai, saiwarsa tana can zurfi cikin ƙasa, kowace shekara tana turo toho, kowace shekara kuma ana sare shi. Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙafafunmu.

Aikin ba shi da wuya. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ko na kalgo, ko sabara, ko gawo, ko aduwa, ko magarya. Cikin tohon da ya fito ya bar masu ƙarfi kaɗan, kamar uku ko biyar, ya sare sauran da wuƙa mai kaifi. Ya rage rassan ƙasa, ya tsare su daga dabbobi da wuta da ɓarayin itace. Wannan shi ne muke kira sassaben zamani. Manoman da suka fara an yi musu dariya, aka ce sun bar gonarsu da datti. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka yi. Da abinci ya ƙare, da yawa suka sare itatuwansu. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani. Iska ta ragu, ganye ya zama taki, dabbobi suka sami abinci da rani, mata suka sami itace kusa, hatsi kuma ya yi kyau. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu bincike da suka auna daga baya sun ce aikin ya kai wajen hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, yawancinsu a jihohin Maradi da Damagaram.

Tun zamanin dā Ayuba ya lura da wannan (Ayuba 14:7-9). Ya ga itacen da aka sare yana da bege, gama ko kututturensa ya tsufa, da ya ji ɗanshi sai ya yi toho. Ishaya kuma ya yi annabci cewa daga kututturen gidan Yesse, uban Dawuda, toho zai fito (Ishaya 11:1). Sarautar gidan Dawuda ta faɗi, kowa ya ce ta ƙare, amma daga nan Almasihu ya fito.

Ya ɗan'uwa, watakila fari, ko ciwo, ko mutuwa, ko bashi ya sare ka har ƙasa. In kana cikin Almasihu, saiwarka tana da rai.

4. ALMAJIRI WANE NE?

Mun san almajiri a ƙasarmu. Yana zaune gaban malaminsa, yana jin maganarsa, inda malam ya tafi can za shi. Haka Yesu ya kira mu. Misalin kututture ya koya mana abu uku a kan almajirancin nan.

Na fari, rai daga saiwa yake zuwa. A Yahaya 15 Yesu ya kira kansa kurangar inabi, mu kuwa rassa. Reshen da ya rabu da gindi ba ya yin kome sai bushewa. Mutum yana iya zama da sunan Kirista, ubansa ya yi makarantar mishan, yana da Littafi a cikin akwati, duk da haka ba ya manne da Yesu. Irin wannan yana kama da reshen da aka soka cikin ƙasa ranar biki. Yana da kyau da safe, kafin la'asar ya yanƙwane. Ka tuba, ka ba da gaskiya ga Yesu kai da kanka? Bangaskiyar ubanka ba za ta ɗauke ka a shekarar fari ba.

Na biyu, dole a yi sassabe. Kututturen da aka bar masa toho talatin ba ya zama itace, kurmi ne kawai zai zama, gama ƙarfin saiwa ya rabu. Yesu ya ce Uba shi ne manomi, yakan kuma gyara reshe mai 'ya'ya domin ya ƙara haihuwa. Zamanin nan yana turo mana toho da yawa: son kuɗi da sauri, son a san mu, hirar waya har tsakar dare, gasar biki, siyasa. Ba dukansu ne zunubi ba, amma in an bar su duka, ba sauran ƙarfi domin Ubangiji. Wani lokaci Allah da kansa yakan sa wuƙa, ya raba mu da abin da muke ƙauna. Akwai zafi. Amma manomi ba ya ɓata lokacinsa a kan mataccen kututture. Wanda yake sa rai gare shi, shi yake gyarawa (Ibraniyawa 12:5-11).

Na uku, almajiri ba ya sa wa Ubangijinsa sharaɗi. A Luka 9:57-62 mutum uku suka yi maganar bin Yesu. Ga na fari Yesu ya nuna cewa shi kansa ba shi da wurin kwana tabbatacce. Na biyu ya so ya gama da hidimar ubansa tukuna. Na uku ya so ya koma ya yi sallama da mutanen gida. Yesu ya amsa wa na ƙarshe da misalin mai huɗa. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya sani, in ka waiwaya baya kunya za ta karkace. Mu ma mukan ce, bari abubuwa su daidaita tukuna, bari in biya bashi, bari in aurar da yara, sa'an nan in bi Ubangiji sosai. Ya ɗan'uwa, tun daga Kakalaba har yau, yaushe abubuwa suka taɓa daidaita? Yesu ya ce a ɗauki gicciye kowace rana (Luka 9:23), wato har da ranar yau.

5. DOGARA GA ALLAH BA RAGWANCI BA CE

Waɗansu sun ɗauka dogara ga Allah ita ce mutum ya naɗe hannu ya ce Allah zai kawo. Manzo Bulus ya tsauta wa masu irin wannan hali, ya ce wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci (2 Tasalonikawa 3:10). Waɗansu kuma sun ɗauka in rumbu ya cika ba su bukatar kowa. Yesu ya ba da misalin mai arziki wanda ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa (Luka 12:16-21). Dukansu biyu sun ɓata hanya.

Dubi Yusufu a Masar (Farawa 41). Allah ne ya nuna masa shekara bakwai na ƙoshi da shekara bakwai na yunwa. Yusufu ya gaskata, saboda haka ya tashi ya yi aiki. Ya ba da shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar a shekarun ƙoshi. Bangaskiyarsa ce ta gina rumbunan. Haka mai bi zai yi. Ya yi shuka a kan kari, ya kai taki, ya bar itatuwa a gonarsa, ya kai yaro asibiti tun ciwo bai yi tsanani ba. Da kaka kada ya sayar da hatsinsa duka da araha domin biki, sa'an nan ya saye shi da tsada a watan Yuli.

Dubi kuma manna a jeji (Fitowa 16). Allah ya ba Isra'ilawa abincin yini ɗaya ɗaya. Wanda ya ɓoye saura saboda rashin gaskatawa, da safe ya tarar da tsutsa. Shekara arba'in suna koyon darasi guda, wato hannun da ya bayar jiya shi zai bayar gobe. Yusufu ya tara bisa ga maganar Allah, mai ɓoye manna ya tara gāba da maganar Allah. Abin tambaya ke nan: ina zuciyarka ta kwanta, a kan rumbu ko a kan Mai cika rumbu?

Akwai kuma labarin Iliya (1 Sarakuna 17). Lokacin fari Allah ya aike shi rafin Kerit, hankaki suna kawo masa abinci. Bayan 'yan kwanaki rafin ya ƙafe. Allah ne ya kai shi wurin, duk da haka ruwan ya ƙare. Sa'an nan Ubangiji ya aike shi wurin wata gwauruwa matalauciya a Zarefat, can aka ciyar da shi. Da Iliya ya dogara ga rafin, da ya mutu a bakinsa. Mu ma muna da rafuffukan da suka ƙafe. Gyaɗa rafi ce. Taimakon mishan rafi ne. Ɗan da yake aiko da kuɗi daga Libiya rafi ne. Mu gode wa Allah dominsu, amma in ɗaya ya ƙafe kada mu ce Allah ya yashe mu.

6. TARKUNA HUƊU NA LOKACIN WAHALA

Tarko na fari shi ne komawa ga tsohuwar hanya. Sa'ad da yaro ya yi ciwo, ko shuka ta ƙone, wani dangi zai zo da dare ya ce, akwai wani boka, akwai mai bori, ga laya a binne a gona. Sarki Saul ya kori masu duba daga ƙasarsa, amma da tsoro ya kama shi ya ɓad da kama ya tafi wurin mai duba a Endor (1 Sama'ila 28). Bai sami taimako ba, ƙarshensa ya zo. Mai bi ba ya riƙe Yesu da hannun dama, laya da hannun hagu. Ka kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a (Yakubu 5:14), ka kuma tafi wurin likita.

Tarko na biyu shi ne cin ɗan'uwa. Mun san yadda ake yi: a ba mutum buhu ɗaya da damana, a karɓi biyu da kaka, in ya kāsa a karɓe gonarsa. Nehemiya ya yi fushi ƙwarai da manyan Yahuza saboda wannan, ya sa suka mayar da gonaki (Nehemiya 5). Mai bi wanda yake da hatsi a shekarar yunwa, Allah ya ba shi domin ya zama Yusufu ga garinsu. Kai kuma mai cin bashi, ka biya bisa ga alkawari, kada a zagi sunan Yesu sabili da kai.

Tarko na uku shi ne mantuwa a baƙuwar ƙasa. Tafiya cin rani ba zunubi ba ce. Amma tun da aka sami zinariya a Jado a 2014, samari da yawa sun tafi arewa, waɗansu ba su komo ba. A watan Oktoba 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada a kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Kafin ka tafi, ka yi addu'a, ka yi shawara da matarka da dattawa, ka tuna da gargaɗin Yakubu ga masu shirin fatauci ba tare da sa Ubangiji a ciki ba (Yakubu 4:13-15). In ka tafi, ka ɗauki Littafinka, ka nemi masu bi a inda ka sauka, ka tsare alkawarin aurenka, ka tuna da cikin 'ya'yanka. An sake wa Daniyel suna da tufafi da harshe, amma har ya tsufa yana durƙusawa sau uku a yini (Daniyel 6:10).

Tarko na huɗu shi ne tsoro da ramuwa. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, aka yi hasarar rayuka. Shugabannin ikkilisiya suka yi kira ga gafara, aka kuma ji labarin Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Mu kaɗan ne a ƙasar nan, wannan ba sabon abu ba ne. Tun da bishara ta iso Damagaram a 1924, ta wurin haƙuri da aikin ƙauna take tafiya, kamar yadda asibitin Galmi yake karɓan kowa tun 1950 ba tare da tambayar addininsa ba. Romawa 12:17-21 ta hana mu rama mugunta, ta umarce mu mu ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa. Irmiya ya rubuta wa kamammu a Babila su gina gidaje, su yi lambuna, su roƙi salama domin birnin (Irmiya 29:4-7). In haka ne ga baƙi, balle mu da muke cikin ƙasar haihuwarmu. Ka gai da maƙwabcinka, ka je masa ta'aziyya, ka taya shi ɗaukar jinka, ka yi addu'a domin masu mulki.

7. ABIN DA ZA MU YI A GIDA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Musa ya umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune da a tafe, da kwanciya da tashi (Maimaitawar Shari'a 6:6-7). Ga abin da kowane gida zai iya yi, ko da mai arziki ko matalauci.

(a) Ku sa lokaci ɗaya kowace rana domin sujadar iyali, ko da asuba kafin a tafi gona, ko bayan tuwon dare. A ajiye waya da rediyo. A karanta 'yan ayoyi, a yi waƙa, a yi addu'a. In maigida ya tafi cin rani, uwargida ta riƙe wannan aiki. Timoti ya koyi bangaskiya daga uwarsa da kakarsa (2 Timoti 1:5).

(b) Ku faɗa wa yara abin da Allah ya yi muku. Wanda ya ga 1984 ya gaya wa wanda bai gani ba yadda Ubangiji ya fisshe shi.

(c) Da kaka ku fid da na Ubangiji da fari, sa'an nan ku ƙidaya damman da za su kai ku sabon hatsi, kafin a yi maganar biki ko sayayya.

(d) Ikkilisiya ta yi shawara a kan rumbu na tarayya domin gwauraye da marayu da wanda gonarsa ta ƙi. Da aka yi annabcin yunwa, masu bi na Antakiya suka aika da gudummawa Yahudiya, kowa gwargwadon ƙarfinsa (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

(e) Kada ku bar taruwa ran Lahadi, ko ku biyar ne a ƙarƙashin itace.

Ku dubi gawo. Da damana, sa'ad da kowane itace yake kore, shi yakan kakkaɓe ganyensa ya bar wa hatsi rana. Da rani, sa'ad da duniya ta bushe, sai ya yi ganye, dabbobi su sami inuwa da abinci. Haka Allah yake so jama'arsa su zama a garuruwanmu. Lokacin da zukatan mutane suka bushe saboda tsoro, a sami inuwa a gidan mai bi. Annabi Habakuk ya ƙudura zai yi murna da Allah Mai Cetonsa ko gonaki ba su ba da kome ba, ko garke ya zama wofi (Habakuk 3:17-18). Wanda saiwarsa ta kai ga Almasihu ne kaɗai zai iya faɗin haka.

Kai kuwa mai karatu, in ba ka taɓa ba da kanka ga Yesu ba, kada ka jira zamani ya gyaru. Ya mutu domin zunubanka, ya tashi daga matattu, yana kuwa karɓan duk wanda ya zo gare shi. Ka nemi fasto ko wani dattijon ikkilisiya mafi kusa da kai, zai yi murnar yin magana da kai.

TAMBAYOYI

1. Bisa ga Irmiya 17:5-8, mene ne bambanci tsakanin mutanen nan biyu? Fari ya sami wanne cikinsu?
2. Don me manomi yake rage tohon kututture? Wane toho ne ya kamata a sare cikin zamanka?
3. Yusufu ya tara hatsi, Allah ya ji daɗi. Waɗansu sun tara manna, ta ruɓe. Me ya sa?
4. Wane rafi ne ya ƙafe muku a gidanku? Ƙaƙa Allah ya biya bukatarku bayan haka?
5. Cikin tarkuna huɗun nan, wanne ya fi kusa da ƙofarku? Me za ku yi a kansa cikin wannan mako?

Ayar haddacewa: Yahaya 15:5.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin kai ba ka sakewa. Ka ga gonakinmu, ka san abin da ya rage cikin rumbunanmu, ka san 'ya'yanmu da suke nesa. Ka gafarta mana inda muka dogara ga abin hannunmu. Ka manne mu da Yesu, ka gyara mu yadda ka ga dama, ka ba mu ƙarfin aiki da zuciyar rabawa. Ka ba ƙasarmu salama da damana mai albarka. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.